Muryar Ɗakin Baya

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka fara ɗaukar fim ɗin tarihin Baba. Tun da safe motar kaya ta toshe ƙofar gida. Aka fitar da kujerunmu da suka lotsa, aka jera na haya, har labule aka canja. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon falonta kamar baƙuwa.

Ni ce mai ɗaukar sauti. Darakta ne ya nace, wai zai burge mutane a ce 'yar Baban Kowa ce ta ɗauki muryar ubanta. Baban Kowa! Haka duk gari ke kiransa saboda wasan talabijin ɗin nan da ya daɗe yana fitowa a uba mai haƙuri, mai goya marayu. Mata kan tare ni a hanya su ce na yi dacen uba. Nakan ce musu na gode.

Kafin ma'aikata su iso aka kai Yaya ɗakin baya, wanda ke bayan kicin, aka kulle. Umma ta ajiye masa ruwa da biredi da gwangwanin murafen kwalba da yake son jerawa. Bai yi gardama ba. Mutum ya haura arba'in, shi ne ɗan fari a gidan nan, bai taɓa furta kalma ba tun zazzaɓin da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana goye, amma ya san ranar baƙi. Da ya ga Umma da makulli sai ya miƙe da kansa.

Darakta ya tambayi Baba, “Ranka ya daɗe, 'ya'ya nawa Allah ya ba ka?”

“Biyu. Mace da namiji.” Ya nuna ni, ya nuna Auta, ya yi murmushin nan nasa.

Hedifon na kunnena, don haka a tsakiyar kaina na ji maganar. Darakta ya juyo ya ce, “Malama, sauti ya yi?” Na ce ya yi.

Laraba, 5 ga Maris

Auta ya canja riga sau ba adadi. Shi dai a gan shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi, in ba haka ba ba zai bar ni in sake ba.

A aikinmu, in an gama ɗauka a wuri, sai a ɗauki shirun ɗaki. Kowane ɗaki da irin shirunsa, na falo daban, na kicin daban, kuma da shi mai tacewa ke cike gurbin inda aka yanke magana don kada a ji tsalle. Kowa zai tsaya cak, a kashe fanka, ni kuma in ɗaga makirufo kamar minti guda. Ba tari, ba motsi.

Baba ya riga ya shiga ciki canja kaya. Na ce, “A yi shiru.” Aka yi. Sai ga ta nan ta biyo ta kicin, siririya, daga nesa: 'yar waƙar Yaya, wadda yake rerawa ta hanci, baki a rufe, in yana jera murafensa. Na yi fatan ni kaɗai na ji, ashe Darakta ma ya sa nasa hedifon ɗin.

Ya zaro ido, ya dafe ƙirji. Da na sauke makirufo ya ce, “Kun ji? Kun ji tsohon nan? Ashe ko a gida yana yin ta! Ba wasa ba ne, halinsa ne!” Mai kyamara har da ƙwalla.

To me zai hana su ɗauka haka. Waƙar nan ce tambarin Baba. A wasansa, duk sanda ya ɗora maraya a cinya sai ya rera ta, babu uwar da ba ta lallashi ɗanta da ita ba a garin nan. Kowa ya san ta Baban Kowa ce. Mu huɗu ne kawai muka san daga bakin wa ya ɗauko ta.

Darakta ya ce da ita zai rufe fim ɗin. Allo zai yi baƙi, sai ita kaɗai, a rubuta a ƙasa: muryar Baban Kowa, a gidansa, bai san ana ɗauka ba.

Na naɗe waya na sa a jaka.

Asabar, 8 ga Maris

Na sami Umma a kicin na gaya mata. Ba ta ko ɗago daga wanke-wanke ba.

“To sai me? Ai ba a gan shi ba.”

Na ce, “Umma, an cire shi daga cikin 'ya'ya, yanzu kuma za a sa muryarsa da sunan wani.”

“Wani? Ubansa ne wani?” Can kuma ta ce, “Ke dai ki yi aikinki ki rufa mana asiri.”

Asirin me? Sata ya yi? Haihuwarsa kawai aka yi. Ina so in faɗa mata haka, sai na ga kofi ɗaya take ta wankewa tun ɗazu, na fasa. Kullum haka nake, in cika baki a nan cikin littafi, a gabansu kuma in zama kurma.

Na je ɗakin baya na zauna da shi. Ya miƙo mini murfi ja, wanda ya fi so. Gashinsa ya taru sosai. Umma ce ke rage masa da almakashi a tsakar gida, duk ta yi masa tudu da kwari.

Talata, 11 ga Maris

Darakta ya tsare ni a sitidiyo. Ya ce mai tacewa ya lura muryar ta fi ta Baba kauri kaɗan. “Malama, ke kika san gidanku. Shi ne dai ko?”

Na ce, “Baba ne. Bango ne ya canja ta.”

Da bakina. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Har da bayanin bango, don a san na iya aiki.

Laraba, 12 ga Maris

Ban je aiki ba. Ciwon kai.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Akwai ƙarar firij a ƙarƙashin waƙar, sai Darakta ya ce a kawo Baba sitidiyo ya sake rera ta tsaf, a gwada. Baba ya zo cikin farin kaya, ya gaisa da kowa har mai shara, ya shiga bayan gilashi. Ya rera. Ya sake. Ya sake. Darakta na ta sosa ƙeya.

“Ranka ya daɗe, ta yi kyau, amma ta gida ta fi. Akwai inda take karyewa a tsakiya, kamar numfashi ya sarƙe. Wannan nake so.”

Numfashin Yaya ne ke sarƙewa a wurin, ƙirjinsa ba shi da ƙarfi tun asali. Baba ya shekara da shekaru yana kwaikwayonsa, ashe bai taɓa kama wannan ba. Gwanin gwanaye, an ce masa bai kai kansa ba.

Baba ya ce, “Wace ta gida?” Ba wanda ya gaya masa ashe. Darakta ya ce in kunna masa. Na kunna.

Ina kallonsa ta gilashi. Da farko ya riƙe murmushin. Sai murmushin ya tsaya a fuskar shi kaɗai, idon ya bar shi. Ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi. Na ce a raina, yau dai. Faɗi. Ga makirufo a gabanka, ga ni zan ɗauka.

Ya cire hedifon a hankali ya ce, “A sa waccan ɗin. Tsufa ne, ba kullum murya ke ba da haɗin kai ba.”

Aka yi masa tafi. Wallahi tafi aka yi.

A mota ɗaya muka dawo. Da muka iso ƙofar gida ya ce, “Uwata, aikinki na kyau.” Na fita na bar masa ƙofar motar a buɗe.

Litinin, 17 ga Maris

Ranar Juma'a za a rufe sauti. Daga nan ba gyara. In ban yi magana kafin nan ba, Yaya ya shiga fim ɗin ubansa a matsayin ubansa, shi ke nan.

Talata, 18 ga Maris

Na faɗa.

Bayan an tashi na tsayar da Darakta a bakin matakala. Na ce ƙarya na yi masa. Na ce mu uku ne, akwai babbanmu, ga lalurarsa, ga inda ake ajiye shi in an zo ɗauka, kuma waƙar tasa ce tun kafin a haife ni. Na ce abu ɗaya nake so: a gyara rubutun ƙarshe, a ce muryar ɗansa na fari ce.

Na zaci zai yi fushi. Ina! Sai da ya zauna a kan matakala. Idonsa na ƙyalli kamar an ba shi kyautar mota.

“Malama, kin san abin da kika ba ni? Wannan shi ne fim ɗin! Duk abin da muka ɗauka shara ne!”

Ya riƙa tambaya. Yana tafiya da kansa? Yaya fuskarsa take? Ɗakin akwai taga? Ko sau ɗaya bai tambayi sunansa ba.

Na taho gida ina jin kamar na sauke kaya, amma hankalina bai kwanta ba.

Laraba, 19 ga Maris

Sun zo. Ba sallama ta waya, ba komai. Da hantsi, Baba na wanka, Umma ta fita, ni ina shanya. Sai ga Darakta da mai kyamara da mai fitila sun ratso ta kicin, kyamara a kunne tun daga ƙofa. Auta ne ya buɗe musu, yana zaton shi aka zo ɗauka.

Ɗakin baya a buɗe yake, don ba a sa ran baƙi. Yaya na zaune a ƙasa da murafensa. Mai fitila ya haska shi. Ya ɗaga hannu ya kare ido, ya fara ja da baya da gindi har ya haɗu da bango, yana wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba.

Ina jin Darakta yana raɗa wa mai kyamara, “Matsa. Matsa kan bakin. Ɗauko yawun nan. Kada a share, a bar shi haka.”

Ban san sanda na jefar da kwandon shanya ba. Na shiga tsakaninsu, na sa tafin hannu na rufe idon kyamara, na tura su waje. Abin da na faɗa musu ba zai rubutu ba. Darakta na cewa, “Haba Malama, ke fa kika ce a nuna gaskiya!” Na ja ƙofar, na ga makullin Umma a jiki, na murɗa. Ni. Ni da na yi shekaru ina tsine wa makullin nan a zuci.

Baba ya fito da tawul a wuya, ba hula, ba murmushi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Darakta, “Ɗana, a goge abin da aka ɗauka yanzu, a gabana.” Aka goge. Suka fita sumui-sumui.

Muka rage ni da shi a lungun bayan kicin, ga kukan Yaya ta cikin ƙofa. Na jira faɗa. Sai ya zauna a kan buhun gawayi ya fara magana yana kallon ƙasa. Ba zan iya kawo ta duka ba.

Wai ranar da aka haife ni, Umma na asibiti, ba mai riƙe Yaya, sai ya tafi da shi wurin ɗauka. Lokacin shi ba kowa ba ne, ɗan fitowa ne a bayan mutane. Daraktan wancan fim ɗin ya ga yaron, ya ce a ara masa shi. Aka kifa masa kwano a ka, aka sa yara su bi shi da ihu a kasuwa. Baba ya yarda, don yana so a san da shi.

“Na je kallo a silima. Ɗaki cike. Da aka nuno shi, wuri ya kece da dariya. Na kusa da ni har yana dukan cinyata.” Ya share fuska da tawul. “Ni ma na yi dariyar, Uwata. Don kada ya gane nawa ne.”

Ya ce daga ranar ya yi rantsuwa ido ba zai sake cin ɗansa ba.

Na ce, “Na ji, ka hana su ganinsa. Waƙar fa? Ita ai ɗauka ka yi ka kai musu.”

Ya ce, “Ita kaɗai ce abinsa da na tabbata ba za su yi wa dariya ba.”

Magana mai daɗi. Sana'arsa ce ai. Ina tsaye ina tunanin ko ya taɓa faɗin irinta a wani wasan, ko hawayen da ke idonsa irin wanda yake kawowa ne in an ce a fara ɗauka. Abin da ya mayar da ni ke nan, ban iya ganin ubana yana kuka in yarda.

Na ce, “To biyun fa? Wa zai yi dariya in ka ce uku?”

Ya tashi, ya karɓi makullin a hannuna, ya buɗe, ya shiga wurin Yaya ya turo ƙofar. Kukan ya daɗe kafin ya tsaya.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je sitidiyo da wuri na goge shirun falon nan daga ko'ina, na kwamfuta da na ajiya. Da Darakta ya zo na gaya masa da kaina. Na ce mai muryar bai ba da izini ba, kuma ba zai iya bayarwa ba.

Ya ce na kashe masa fim, ya ce ba zan sake riƙe makirufo a wurinsa ba, kuma zai gaya wa saura. Zai gaya musu ɗin, na san shi. Mai tacewa ya bi ni da kallo kamar ya ga mahaukaciya.

Ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Na so a san da Yaya, na ƙare da cire ɗan abin da ya rage nasa a ciki.

Lahadi, 23 ga Maris

Umma ba ta yi mini magana tun ranar Laraba. Auta ya ce na zubar masa da mutunci a gaban Darakta. Shi mutuncinsa ne ya zube.

Asabar, 5 ga Afrilu

An nuna fim ɗin. Na zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Falonmu ya fito kamar na masu hali, kujerun haya sun yi aikinsu. “Biyu. Mace da namiji,” tana nan daram, kuma sautin ya fita tas, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Da waƙar Baba ta sitidiyo aka rufe, mai santsin nan da ba ta karyewa. Matar da ke gabana ta yi kuka har da shessheƙa. Ba wanda ya ji wani abu ya ɓace.

Aka kira shi kan dandamali, aka ba shi fure. Ya ce iyalinsa su ne ƙarfinsa. Na fita kafin a kunna fitilu.

Talata, 8 ga Afrilu

Ba aiki, wayata shiru. Da rana na ga Umma ta ɗauko almakashi, na ce ta bari, zan kai shi wurin mai aski. Ta ce, “Wane mai askin?” Na ce na bakin titi. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar ɗakin Baba, ba ta ce a'a ba.

Na sa masa riga mai tsabta da takalmin Auta. A bakin ƙofar gida ya toge, ya riƙe hannuna da ƙarfi har yatsuna suka yi ciwo. Sai kuma ya taka. Yana tafiya yana kallon motoci, baki buɗe. Mutane sun kalle mu, wasu sun daɗe suna kallo. Ba wanda ya mutu.

Mun kusa kwanar titi na waiga, sai ga Baba a bayanmu can nesa. Ya sa tsohuwar hula ya jawo ta har gira, da baƙin gilashi. Mutumin da duk gari ya san tafiyarsa, wai ya ɓad da kama. Bai matso ba. Da muka shiga shagon sai ya tsaya a tsallaken titi, gefen mai gyaran waya, yana yi kamar yana duba wani abu.

Mai askin mutumin kirki ne. Ya bar Yaya ya taɓa injin tukuna, ya ji rawarsa a tafin hannu, sannan ya fara. Ya ce, “Hajiya, wannan fa?”

Na ce, “Yayana ne. Shi ne babbanmu.”

“Allah sarki. Ban taɓa ganinsa a unguwar nan ba. Ɗan wane gida ne?”

Ga sunan a bakina, wanda da na faɗe shi kafin magariba ya zaga gari. Ta madubi ina hango Baba a tsallake, ya cire gilashin, ya miƙa wuya yana leƙen yadda gashin ke zuba. Ba kyamara a wurin, ba wanda ya san shi ne. Na ce wa mai aski, “Ɗan gidanmu ne, nan baya.”

Ban san dalili ba. Gajiya ce wataƙila. Ban yafe ba, kada ma in rubuta abin da ba haka ba.

Askin ya yi masa kyau, ashe ƙeyarsa irin ta Baba ce sak. A hanyar dawowa Baba na biye da mu, ina jin jan ƙafarsa, gwiwarsa ta dama ta fara ba shi wahala. Na rage sauri har ya kusa cim mana.

Ba don shi na rage ba. Takalmin ne ke matse wa Yaya ƙafa.